Gayyar da Ba Ta da Sarki

Da hantsi ne, an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi. Gide na tsaye a bakin gonarsa, a wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya, yana jiran 'yan gayya. Ciyawa ta kusa shanye masa dawa, alhali duk daminar nan babu gonar ɗan gayyar da bai sa hauyarsa ba.

Da can samarin suna da Sarkin Gayya. Shi ke faɗin gonar da za a shiga, in ya faɗa magana ta ƙare. Da ya ƙaura garin Sabuwa sai suka ƙi naɗa wani, wai ai kowa ya san kowa.

Gide ya ji ganga, amma sai ya ga ta ɗauki wata hanya. Ya ruga ya sha gaban 'yan gayyar. Nata'ala, ƙaton cikinsu, shi ke gaba.

"Ina za ku? Yau ranata ce hwa!"

"Wa ya ba ka ranar?" in ji Nata'ala. "Gonar surukina za mu, na yi mashi alkawari."

"Ni da na nome taka har tafina ya hwashe?"

"To, tahi ka kai ƙara wurin sarki mana!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka koma bayan Gide. Babu mai cewa a bari a ji. Aka fara ture-ture, sai sanda, sai hauya. Makaɗi ya yar da ganga ya gudu. Nata'ala ya ɗaga hauya ya sauke wa Gide a kafaɗa, ƙashi ya ce ƙas, jini ya wanke masa riga. Ƙanen Gide ya fasa wa wani kai. Mutum uku aka kwasa ranga-ranga.

'Yan doka suka tafi da Nata'ala a ɗaure. Hannun Gide ya shanye, bai ƙara riƙe hauya ba. Gayya ta watse, ciyawa ta cinye gonarsa, ta cinye ta surukin ma.

Jama'a, taron mutane daban, ƙungiya daban. In kun haɗu don aiki, ku naɗa shugaba, ku yi ƙa'ida, kowa ya san ranarsa. In babu wannan, mai ƙarfi ne zai yi hukunci.

Da kaka, Dada, uwar Nata'ala, ta aje ƙwaryar dawa a zauren Gide ta juya. Yana zaune yana kallonta har ta fita.