Ɓarawon Yashin Alhaji Bakari

Ranar Talata Alhaji Bakari ya sake kara hannunsa a jikin gilashin. Kaurin yashin yatsa uku. Watan jiya yatsa biyar ne.

Shekara ashirin ya yi yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Legas. Da ya yi ritaya sai ya dawo Tirwun da abin da ba a taɓa gani ba a unguwar: akwatin gilashi mai tsawon gado, cike da ruwan gishiri da kifayen teku masu kala kamar atamfa. Amma duk a ciki ba abin da yake ji da shi kamar farin yashin da ke shimfiɗe a ƙasa. Yashin teku ne, mai rai. Cikinsa akwai tsutsotsi da 'yan mitsi-mitsin dodon koɗi masu cinye ƙazantar kifi. Ba a wanke shi, ba a tona shi, sai dai a ɗan zuƙe dattin samansa da tiyo sau ɗaya a mako. In aka birkita shi ruwa ya gurɓace.

To ga shi ana birkita shi. Ruwan ya yi hazo, kifi biyu sun juya ciki sama.

Alhaji ya zauna a kujera, ya jawo kwanon soyayyar gyaɗa, yana ɓarewa yana tunani. Gyaɗar mahaifiyarsa ce, Inna Zinariya, wadda tsufa bai hana ta zama gaban kasko ba. Kwanan nan ma hannunta ya ƙara daɗi, gishiri cif-cif.

Falon da akwatin yake a kulle yake kwana. Yara ba sa shiga. Inna kan shigo sallar walaha saboda sanyin wurin, ita kuwa ko kallon kifin ba ta yi, cewa take ɓarnar ruwa ce. Saura mutum ɗaya: Ɗanlarai tela na Ƙofar Dumi, amininsa na shekara talatin, mai zuwa hira kullum bayan la'asar.

Sai abubuwa suka fara dawo masa. Ba Ɗanlarai ne ke masa dariya ba, wai mai hankali ba ya kiwon kifin da ba a ci? Ba shi ne ya taɓa tambaya ko da gaske yashin nan daga ƙasan teku aka ɗebo shi ba? Kuma wa bai san maƙwabcin shagonsa bugun ƙasa yake yi ba? Mai duba da yashin rafi ma yaya aka ƙare, balle ya samu na teku, wanda maigida ke sa hannu a ciki duk mako!

Alhaji ya daina barinsa shi kaɗai a falo. In ya tashi alwala sai ya leƙo ta taga. Bai ga komai ba sai mutum yana cin gyaɗa, yana cusa ragowar a aljihu.

Ranar Juma'a kifi na uku ya mutu. Da Ɗanlarai ya miƙe zai tafi, Alhaji ya tare ƙofa.

"Zazzage aljihunka."

"Kai Bakari, yau kuma wasan kwastan za mu yi?"

"Na ce zazzage."

Ya zazzage yana dariya. Gyaɗa ta zubo kan darduma, a bayanta kuma farin yashi, tsaba-tsaba.

Dariyar ta ɗauke. Ɗanlarai ya rantse da Allah bai san ta inda ya shiga ba. Alhaji ya ce gobe da hantsi su haɗu gaban liman, ya dafa Alƙur'ani, in ya ƙi kada ya sake taka masa gida. Ɗanlarai ya kalle shi ya daɗe, ya sa takalminsa ya fita ba sallama.

Alhaji ya koma kujera, ya watsa gyaɗa a baki. Haƙorinsa ya ce ƙaras! Ya tofo a tafin hannu. Ɗan mitsitsin dodon koɗi ne, ya soyu ya yi jawur.

Yana cikin juya shi Inna Zinariya ta ɗaga labule, riƙe da ƙaramar ƙwarya.

"Bakari, matsa in ɗan ƙara ɗiba. In za ka aika Legas ka ce su ƙaro da yawa, yashin nan naka in an soya gyaɗa da shi ko gishiri ba a sawa."