Ranar da Doka Ta Buɗe Min Baki

Ina cusa hotunan 'yan wasana a kwali, wayar ofis ta yi ƙara.

"Koci Petroski? Mahaifin Janelle Whitlow ne. Yau sha biyar ga Yuni, ko kin manta?"

Ina zan manta? Sai yau doka ta yarda kociyoyin jami'a su yi magana da 'yan sakandare sa'o'inta. Shekara biyu ina bin garuruwan Ohio ina kallon yarinyar nan tana ƙwallon kwando. In muka haɗu a ƙofa, "sannu" kawai nake cewa in wuce, kamar muna gaba. Sauran kociyoyi kuwa ta bayan gida suke bi, a haka suka kwashe min 'yan wasa shida.

"Kociyoyi goma sha ɗaya suka yi ta aiko mana saƙo a ɓoye, har coci suka biyo mu," in ji shi. "Janelle ta ce ba ta bin wanda ya fara da ha'inci. Ke kaɗai kika kama bakinki. Wajenki za ta zo."

Na kalli takardar da shugaban wasanni ya ajiye min da safe. An sallame ni, wai ban iya jawo 'yan wasa ba.

"Koci, kin yi shiru."

"Sabo ne, yallaɓai," na ce. "Ka ce mata ta ɗan jira. Ni ma yau na fara neman makarantar da za ta ɗauke ni."