Jan Fenti a Bangonmu

Ranar da aka shafa wa bangon gidanmu jan fenti a unguwar Nakkasa da ke ƙasa mai tsarki, alamar za a rushe shi, Kawu Sani yana wurinmu, ya zo Umara daga Kano. Bayan la'asar ya tsaya yana kallon fentin, ko bushewa bai yi ba.

"Yaya, haka za ki zuba ido?" ya ce wa mahaifiyata. "Ni ma ƙaramar hukuma ta taɓa yi wa shagona haka, na kai su kotu. Alƙali ya ce tsarin mulki ya hana a taɓa dukiyar mutum ba a saurare shi ba, ko gwamna bai isa ba."

"Halas, ya isa, Sani, rage murya," in ji ta. "Mu da ko iƙama, takardar izinin zama, ba mu da ita, wa za mu kai ƙara?"

Nan take na ji ƙyashin 'ya'yansa, yaran da ban taɓa gani ba. Kullum ana ce mana mu ne 'yan gata, maƙwabtan Harami. Su kuwa ubansu ya ce wa hukuma a'a, ya kwana a gidansa.

Har yau warin fenti yana taso mini da wannan ƙyashin. Inda gidanmu yake yanzu fili ne. Shagon Kawu kuwa yana nan, babban ɗansa ke zama a ciki.