Fuskarsa Gabas

Bayan Tafkin Cadi ya tumbatsa aka yi Yaƙin Ruwa, kuma jiragen da suka nutse suka zama wurin yawon buɗe ido. Jatau ne ke nutsawa da baƙi, goye da tulunan iska. Minti tara ake yi a cikin jirgi, awa biyu ana hawowa sannu. Doka ta ce a kalla, kada a taɓa, in ba haka ba a ƙwace lasisi.

Da safe wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta tare shi a gaɓa.

"Ɗana Hamisu yana cikin babban jirgin nan. Ban ce ka fito da shi ba. Ka juya mini fuskarsa gabas kawai."

"Iya, yaya zan gane shi?"

"Yana da wushirya."

Jatau ya kasa zaune ya kasa tsaye, ƙarshe ya nutsa shi kaɗai.

Da la'asar ya fito, ya tarar da ita inda ya bar ta.

"Ka juya shi?"

"Su talatin ne, Iya, sun zama ƙasusuwa, kuma duk haƙoransu a waje. Ban gane shi ba. Na juya uku. Gobe zan koma."