Hasken da Bai Iso Illela da Wuri Ba

Bara aka gyara mini ido da hasken leza. Likita ya ga hawayena ya ɗauka zafi ne, alhali babana na tuna.

Ina 'yar shekara tara, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, idonsa ya fara dushewa, ga shi ɗinkin hula ne ke ciyar da mu. Wata rana bayan azahar, ƙanensa Baffa, malamin firamare, ya dawo daga Sakkwato da labari. Wai an ƙera wani ɗan dutse da bai kai ƙwayar gero ba. In an ba shi lantarki, haske ya yi ta kai da komo tsakanin gefunansa biyu masu kama da madubi, har ya fito siriri, a miƙe. Leza ake kiran irin hasken, likitoci ma sun fara gwada shi a idon mutane.

Don mu ga ƙarfin haske in ya taru wuri ɗaya, ya karɓi tabaran Baba ya tara rana kan busasshen ganye har ya fara hayaƙi. Har yau ina jin ƙaurin.

"Mi? Abin da ka ƙona ganye za a sa mani ga ido?" in ji Baba.

Muka yi ta dariya. Amma da Baffa ya miƙe, Baba ya riƙo rigarsa, ya sassauta murya.

"Malam, yaushe za ya iso Illela?"

"Da sannu, Yaya."

Baba ya gyaɗa kai, ya mayar da tabaransa, ya ci gaba da ɗinki. Damina biyu kawai ya ƙara yana gani.