Ƙamshin Kanumfari

Takardu biyu ta shimfiɗa gaban mahaifinta a zaurensu na Sokode. Sau biyu ta faɗi jarrabawar bak ta ƙarshen sakandare kafin ta haye.

"Baba, karatun jinya a Dapaong shekara uku ne. Na likitan haƙori kuwa bakwai, in ma sun ɗauke ni."

"Ɗauki bakwai ɗin," ya ce, yana magana ta gefen baki. "Ba haƙori ne ya kumbura wuyan innarki har ya kai ta kabari ba? Je ki, ina nan."

Ta durƙusa godiya. Da ya sunkuyo zai sa mata albarka, sai numfashinsa ya buso mata kanumfari, irin wanda innarta ta riƙa dannawa a haƙori makonta na ƙarshe.