Dutsen Niƙan Kufai

Ranar Laraba ce, an yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙa. Wani manomi yana huɗa a gonar da ya gada, wadda take kan wani tsohon kufai, sai garmarsa ta daki dutse. Ya tona, ya fito da dutsen niƙa irin na mutanen da, cikinsa ya lotsa saboda aiki. A gefensa an sassaƙa zane: tsage uku nan, uku can, da ɗigo ɗaya a ƙarƙashin kowane. Ya ɗora a jaki ya kai gida. Matarsa ta yi murna da dutsen, amma maƙwabta da suka leƙo suka ce wannan zane na masu tsafi ne, kada a bar shi ya kwana inda ake salla. Mutumin yana da gwaggo, tsohuwa tukuf, a ɗakin da ke bayan rumbunsa. Taku goma ne tsakaninsu. Bai tambaye ta ba, don a ganinsa tsohuwa ba ta san komai ba sai goro da ƙorafi. Ya ɗauko makoɗi, ƙarfen nan da ake farfasa fuskar dutse da shi in ta yi santsi, ya bi zanen ya koɗe shi tas. Kafin la'asar babu ko alama.

Bayan shekara biyu wani mai hali daga garin gaba ya ce kufan nan na kakanninsa ne, ya kawo shaidu har huɗu. Aka zauna gaban dagaci. Dagaci ya ce wa manomi ya kawo abin da zai nuna mutanensa sun taɓa zama a wurin. Ba shi da takarda, dattawan da suka sani duk sun mutu. Aka riƙo gwaggon aka kawo ta. Ta ce, "Matan gidanmu ba sa niƙa a dutsen da babu tsagen gidanmu a jikinsa. Ku tona kufan, za ku samu." Ta yaye mayafi ta nuna kuncinta. Tsage uku nan, uku can, da ɗigo a ƙasa. Shekara arba'in yana gaishe ta kullum safe, bai taɓa duban fuskarta da kyau ba. Aka aika aka ɗauko dutsen. Tsohuwa ta shafa gefensa da yatsu, ta sake shafawa, sannan ta ce, "Ɗan nan, wa ya yi wannan aiki?" Gona ta tafi hannun mai halin nan. Washegari da safe ya ɗauki dutsen ya ajiye a ƙofar ɗakin gwaggonsa, ya rataya garma ya fita neman ƙodago a gonar wani.

Kai ma kana da tsoho a gida, na sani. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.